Zaƙin Tuwo A Baki: Asirin Ƙwayoyin Gado Masu Tagwaye

Duk wanda ya gutsuri gayan tuwon acha, ya daure ya yi ta taunarsa ba miya, ba zai daɗe ba sai ya ji ɗan zaƙi ya fara bayyana a harshensa, alhali kuwa ba wanda ya zuba sukari. Abin da ya faru shi ne, akwai wani sinadari cikin yawun ɗan Adam, masana na kiransa amilas, wanda aikinsa shi ne farfasa sitacin hatsi ya mai da shi sukari. Matan da ke dama kunun zaƙi a Kafanchan sun san wannan aiki tun kaka da kakanni, ko da ba su san sunan ba, domin tsiron hatsi ko dankalin da suke niƙawa su zuba, irin wannan sinadari ke cikinsa, shi ke tsinka kunun ya ba shi zaƙi.

To, jama'a masu karatu, abin mamakin shi ne ba dukanmu ke da amilas daidai wa daida ba. Umurnin haɗa kowane sinadari a jiki yana rubuce ne cikin ƙwayoyin gado, kuma bisa al'ada mutum kan karɓi kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Amma wani lokaci, sa'ad da jiki ke shirya ƙwayoyin haihuwa, akan yi tuntuɓe irin na magatakardan da ya kwafi shafi ɗaya sau biyu. A shekarar 1970 wani masani ɗan Japan, Susumu Ohno, ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Ya ce idan kwafi ya zama biyu, ɗaya zai ci gaba da tsohon aiki, ɗayan kuwa ya sami sarari: ko ya ƙara yawan abin da ake samarwa, ko ya koyi sabon aiki, ko ya lalace.

A 2007 George Perry da abokan aikinsa suka ƙirga kwafin ƙwayar amilas na yawu a al'ummomi bakwai. Suka tarar birin cimfanzi yana da 2 kacal, mutane kuwa daga 2 har zuwa 15. Masu yawan cin sitaci, watau Japanawa da Turawan Amurka da Hadza na Tanzaniya, suna da kimanin 7 a matsakaici. Mbuti na dajin Kwango da makiyayan Datog da Yakut na Saiberiya suna da kimanin 5. Gwargwadon yawan kwafi, gwargwadon yawan amilas a baki. Sa'an nan a 2024 masanan Jami'ar Buffalo suka nuna cewa tagwaitar farko mai yiwuwa ta kai shekara 800,000, tun kafin a san noma, amma yawan kwafin ya hau sosai a jikin manoman Turai cikin shekara 4,000 da suka wuce.

Ba mutum kaɗai ba ne. Masanan Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun gano a 2013 cewa kyarkeci, wanda shi ne kakan kare, yana da kwafi 2 na amilas ɗin da ke aiki a hanji, kare kuwa daga 4 zuwa 30. Ashe ɓawon tuwon da ake jefa masa ya bar alama a jininsa. Wani binciken na 2019 ya sami irin haka ga ɓeraye da aladu, kowanne ta hanyarsa dabam. Ke nan aladun da ake kaiwa kasuwar Katsit da ɓeran da ke ɓarna a rumbu, duk zama kusa da hatsi ya shafe su.

Labarin saniya ya fi burge ni. Shanun Fulani da ke kiwo a Ladduga ta ƙasar Kachia kusan ba su da amilas a yawu. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke yi mata, daga baya ita kuma ta narkar da su ta sami abin gina jiki. Makamin da take fasa su da shi sunansa laisozayim, sinadarin da ke cikin hawayenmu yana kashe ƙwayoyin cuta. Mu kwafinsa ɗaya muke da shi daga kowane ɓangare na iyaye, ita kuwa tana da kimanin goma, waɗansunsu sun bar aikin tsaro sun koma aikin narkar da abinci cikin tsamin ciki. Maganar Ohno ke nan ƙiri-ƙiri, mai gadi ya zama kuku.

Ina ruwan Kudancin Kaduna da wannan? Masu tonon tarihi na Jami'ar Frankfurt sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake a kufan mutanen Nok, al'ummar da ta faro kimanin shekara 3,500 da suka shige. Ƙasar da ta daɗe haka tana cin hatsi, ta ƙara da acha da dawa da doya da gwaza, ga makiyaya masu shan nono a gefe guda, wuri ne da ya dace a gwada wannan magana. Amma cikin al'ummomi bakwai na Perry babu ko ɗaya daga Afirka ta Yamma, kuma babban shirin nan na duniya da ya karanta ƙwayoyin gadon mutum fiye da 2,500, Yarbawan Ibadan da mutanen Esan kawai ya ɗauka daga Nijeriya. Babu Bajju, babu Atyap, babu Ham.

Wannan giɓi bai kamata a raina shi ba, ganin yadda ciwon sukari ke yaɗuwa, kuma farar shinkafa da burodi suna ture acha daga akushi. A 2014 masana a Landan sun ce ƙarancin kwafin amilas na da alaƙa da ƙiba. A 2015 waɗansu a Harvard suka sake ƙirgawa da ma'auni mafi kyau, ba su ga alaƙar ba. Tun da gardama ba ta ƙare ba, a ganina kada kowa ya yarda wani ya karɓi kuɗinsa da sunan zai auna yawunsa ya tsara masa abinci. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, kuma yawu ba shi da wuyar samu. Abin da ake bukata shi ne na'urar ƙirga, da kuɗin bincike, da yardar mutanen da za a ɗebi nasu, bayan an yi musu bayani cikin harshen da suke ji.