Wa Zai Saurari Kaka Idan Ta Maimaita Labari?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, wadda mu kan kira gigin tsufa. A Japan, inda kusan kashi 30 cikin ɗari na jama'a suka kai shekara 65, masu jinya sun yi kaɗan, sai aka nemi taimakon mutum-mutumi. Akwai Paro, wanda Takanori Shibata ya ƙera da siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi. In an shafa shi sai ya lumshe ido, ya yi ɗan kuka. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, mai nuna wa tsoho hoto ta ja shi da hira.

Ban raina amfaninsu ba. Duk wanda ya yi irin wannan jinya ya san gajiyarta. Tsohuwa za ta ba da labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, ta kai ƙarshe, ta dube ka, ta sake ɗaukowa daga farko. Jika ya ƙosa ya ce, "Kaka, ai kin gaya mana." Na'ura ba ta ƙosawa.

Sai dai haƙuri kaɗai bai isa ba. A 1998 Anne Basting ta kafa shirin TimeSlips a Milwaukee ta Amurka: a tara tsofaffi, a ɗaga hoto, kowa ya faɗi abin da ya zo masa, ba amsar da ake ce wa kuskure, a rubuta, a karanta musu. Daɗin abin yana cikin taron, wannan ya faɗa, wancan ya ƙara, a yi dariya tare. Mu ma tatsuniya ba ta tafiya sai yara sun amsa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yaudara. Dattijo zai tambayi ina matarsa, alhali ta daɗe da rasuwa, ga shi yau ana iya kwaikwayon muryar mamaci. A sa na'ura ta amsa masa da muryarta cin amana ne, domin ba shi da sauran ƙarfin rarrabe gaskiya da ƙarya. Sannan sirrin gida da zai zazzage, rikicin gado ko tsohon saɓani tsakanin kishiyoyi, a kwamfutar wane kamfani zai kwana? Wa ya nemi izininsa?

In har za a shigo da na'ura ɗakin kaka, to ta tsaya ga nuna hoto da yin tambaya, kada ta ari muryar kowa, kuma a samu ɗa ko jika zaune a gefen gado yana saurare.