Masanin da ya bar ɗakin gwaji bai gudu ba

A 2017 masana, ƙarƙashin jagorancin ICRISAT mai reshe a Sadoré kusa da Yamai, suka bayyana tsarin gadon hatsi: ƙwayoyin gado sama da 38,000. Madubin ɗakin gwaji ba ya iya tantance wannan tulin bayani, sai na'ura mai ƙwaƙwalwa. Saboda haka masanin da ya aje kwalaben gwaji ya koma nazarin halittu da na'ura bai gudu daga aiki ba. Da shi za a zaƙulo irin da ke jure fari. Bukatarsa kaɗan ce: wuta, intanet da matsayi cikin aikin gwamnati. In hukumomi suka yi sakaci, Turai za ta ɗauke shi, a bar manomin Maraɗi da ɗan kasuwar hatsi suna duban sama.