Daga Tarihi: Ƙaramin Jirgin da Ya Tsaya

Masu karatu, a wannan wata za mu ba ku labarin wani ƙaramin jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Brisk. An saka shi a ruwa a 1910 a Sikotilan. Irinsa ana ƙera su ne don gudu, su raka manyan jirage, su tsare su daga abokan gaba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ran 20 ga Fabrairu 1917, aka sa Brisk ya raka jirgin Mendi daga Ingila zuwa Faransa. Mendi ba baƙo ba ne a Ikko, gama a 1916 shi ya kai sojojin Nijeriya Afirka ta Gabas. Wannan karo kuwa leburorin soja ya ɗauko daga Afirka ta Kudu, fiye da mutum 800.

Kashegari da asuba, cikin hazo mai kauri, sai wani babban jirgi, Darro, ya zo da gudu ya banke Mendi. Kafin rabin sa'a Mendi ya nutse, mutane suna ta kururuwa cikin ruwa mai tsananin sanyi. Darro yana nan kusa, amma kyaftin ɗinsa bai sauke ko kwalekwale ɗaya ba. Mutanen Brisk ne suka sauke nasu, suna bin muryoyi cikin duhu, har suka tsamo mutum 137. Fiye da 600 suka halaka. Da aka yi bincike, aka hana kyaftin ɗin Darro aiki wata 12.

A watan Oktoba na shekarar nan Brisk ya taka nakiya a arewacin Ailan, mutanensa da yawa suka mutu. Aka gyara shi, daga baya aka sayar da shi a 1921.

To, me ya sa muka kawo labarin nan? Mun tuna da misalin Basamariye a Luka sura 10. Firist ya gani ya wuce, Balawe ma haka. Darro ya fi Brisk girma ƙwarai, ya fi shi wurin sa mutane, amma ƙaramin ne ya yi jinƙai.

Mu ma mukan ce, gidanmu ƙarami ne, hatsinmu kaɗan ne. Amma wa ke kuka kusa da mu? Gwauruwar nan ta ikkilisiya ce, ko maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba? Ubangiji ya buɗe kunnuwanmu, ya ba mu zuciyar taimako. Amin.