Idan Cikin Kare Ya Ɓaci, Mai Gida Ya Duba Rumbunsa

Na san mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da abincin kare alhali ba mu gama ciyar da mutane ba? Ina roƙon a ba ni aron hankali, domin ni a ganina maganar ta fi shafar mutane.

Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa idan aka sauya wa kare abinci farat ɗaya, yakan yi gudawa ko amai, saboda ƙwayoyin da ke taimaka wa hanjinsa narkar da abinci ba su saba da sabon ba. Shawararsu ita ce a riƙa gauraya sabo da tsoho sannu a hankali na kimanin mako guda. Irin wannan ɓacin ciki yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Haɗarin yana cikin yadda kalmar "canjin abinci" ta zama mafakar da ake jingina mata kowace cuta, har da guba.

A watan Maris na 2007, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwanaye da ledojin abincin karnuka da kyanwoyi kusan miliyan 60, bayan dabbobi sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Bincike ya gano cewa an zuba melamin, sinadarin da ake yin roba da shi, cikin kayan haɗin da aka shigo da su daga ƙasar Sin. Dalili kuwa, ma'aunin furotin yawan naitirojin yake ƙirgawa, melamin kuma cike yake da shi, sai gari maras daraja ya ci jarrabawa. A 2008 wannan algus ɗin ya bayyana a madarar jarirai a Sin, inda yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Karnuka sun yi gargaɗi shekara guda kafin nan, ba a saurara ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne aflatoksin, gubar funfunar da ke kama masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A Disamban 2020 kamfanin Midwestern Pet Foods na Amurka ya fara janye kayansa saboda ita, daga baya hukumar FDA ta ce mai yiwuwa abincin kamfanin na da hannu a mutuwar dabbobi sama da 130. A Kenya kuwa, a 2004, mutane 125 ta kashe ta hanyar masara. Masara da gyaɗa su ne tuwonmu da ƙuli-ƙulinmu.

Saboda haka, wanda karensa ya daina cin abinci, ko idonsa ya yi rawaya, ko jini ya fito a kashinsa, ya garzaya wurin likita, ya kuma adana buhun da lambarsa. Ita kuma NAFDAC, ya kamata ta ɗauki irin wannan ƙorafi a matsayin ƙararrawa, ta bi sawun hatsin har kasuwar da aka sayo shi, ta kuma gaya wa jama'a abin da ta gani. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu gane.