An janye shingaye a Kano, amma ɗan sanda ya dawo daga yaƙi?

Idan shekarunka ba su wuce ashirin ba, da wuya ka tuna Juma'ar 20 ga Janairu, 2012. Ranar ce Boko Haram ta kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, nan kusa da Nassarawa GRA, da ofishin shiyya ta ɗaya da wasu caji ofis. Sama da mutum 180 suka rasu. Daga nan Kano ta zama garin shinge: buhunan yashi, ganguna a tsakiyar titi, ka sauka daga babur ka tura shi har ka wuce jami'ai. Tambayi yayanka, zai ba ka labari.

Alhamdu lillahi, bama-bamai sun lafa. Sai dai ɗan sandan da ya binne abokan aikinsa, ya shekara yana yi wa kowane matashi kallon mai ɗauke da bam, ba ya sauya ido dare ɗaya. Ban ga laifinsa kacokan ba. Amma damuwarka yau ƙwacen waya ce da faɗan daba, kuma shinge ba ya maganinsu. Mai shayi ya san wanda ya yi ƙwacen, mai unguwa ma ya sani. Wa zai je caji ofis ya faɗa, alhali yana tsoron a ce shi ma ya shiga bayan kanta?

Wasu ƙasashen sun sha wannan. A Ireland ta Arewa, bayan sulhun 1998, sai da aka sake wa rundunar suna daga RUC zuwa PSNI a 2001, aka ware rabin gurbin sababbin ɗauka ga 'yan Katolika, ɓangaren da ya daɗe yana ganin ɗan sanda abokin gaba ne.

Mu a nan gyaran ya fi yawa a takarda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da uba don an rasa ɗansa. A Oktoban shekarar, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana binciken wayoyin mutane haka kawai a kan titi. To kai da ke yawo da waya a hannu, sau nawa aka ce ka buɗe ta tun daga lokacin?