Hoto ya ƙi zama: laifin telebijin ne ko na kwamfuta?

A ƴan shekarun nan wata al'ada ta shiga gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikatan gwamnati, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Tsohuwar kwamfutar da ta gaji da aikin biro, wadda wasu ke kira ordinater, ba a jefar da ita. Sai a kai ta falo, a ɗaura ta da telebijin, a cika mata ciki da finafinai da wa'azi da hotunan biki da na suna. Daga nan a sa mata manhajar da za ta jera su kamar kaya a kanti, mai gida yana zaune yana zaɓa. Wadda ta fi suna cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Kodi, wadda aka sani da XBMC kafin a sake mata suna a 2014. Kamfanin Microsoft ma ya taɓa yin tasa, Windows Media Center, tun 2002, amma ya yi watsi da ita sa'ad da Windows 10 ta fito a 2015. Wasu kuwa VLC kaɗai suka riƙe, wadda ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris suka fara ƙerawa.

Dabara ce mai kyau, mai arha kuma. Wahalar tana zuwa ran da hoton ya ƙi zama. An tara iyali, an kira maƙwabta, sai fuskar telebijin ta yi baƙi ƙirin, ko gefunan hoto su ɓace, ko mutanen cikin fim su riƙa tafiya kamar masu ɗingishi. Mai gida bai tsaya wata-wata ba, sai ya ɗora wa telebijin laifi, domin ita ce idonsa ke gani. A kira mai gyara, ya kwance bayanta, ya karɓi jikkunansa. In abin ya ci gaba, a sayo sabuwa. A ɗaura sabuwar, ciwon na nan inda yake. Kuɗi sun tafi, ga kunya a gaban baƙi, alhali kuwa babu abin da ya lalace tun farko.

Ya kamata mai karatu ya san abu guda, wanda sauran bayanin duk a kansa ya dogara. Duk lokacin da aka haɗa na'urorin nan biyu da kabul ɗin HDMI, ciniki suke yi tsakaninsu kafin hoto ya fito. Telebijin tana da wata ƴar takardar shaida a cikinta, ana ce mata EDID, wadda ƙungiyar VESA ta tsara a 1994. A cikinta an rubuta sunan telebijin, da yawan ɗigon hoton da za ta iya ɗauka, da saurin da take iya sauya hoto. Kwamfuta ta karanta wannan takarda, ta zaɓi abin da za ta aiko. In cinikin ya faɗa, hoto ya fito tas. In takardar ba ta iso ba, ko kwamfuta ta yi tayin da telebijin ba ta karɓa, sai rigima. Mafi yawan abin da ake kira lalacewa, cinikin nan ne bai faɗa ba.

A fara da baƙar fuska, tunda ita ta fi tayar da hankali. In telebijin ta rubuta cewa babu sigina, to ita dai da ranta, tunda har ta iya rubutu. Sai a danna Source a telekomand, a tabbata lambar ƙofar HDMI da aka zaɓa ita ce wadda kabul yake ciki. Abin kamar wasa, amma ya kunyata manya. Sai a gwada wata ƙofar, a gwada wani kabul na aro. Kabul mai arha da ya yi tsawo da yawa yakan sa hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ƴan fararen ɗigogi su riƙa ƙyalƙyali a kansa. In duk wannan lafiya, a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi Dupliquer, domin sau da yawa kwamfuta tana aika hoton zuwa nata allon ne kawai.

Akwai kuma wanda ya fi shafar ƙasashenmu, wato ɗaukewar kuran. Wuta ta dawo, kwamfuta ta riga telebijin farkawa, ta nemi takardar shaida ba ta samu ba, sai ta yanke wa kanta hukunci: ta aiko ƙaramin hoto, kumburarre, ko ta ƙi aiko kome. Maganinsa bai ci ko dala ba. A kashe kwamfuta, a kunna telebijin tukuna, a sa ta a kan ƙofar da ta dace, sannan a tayar da kwamfuta. Kuma a gidan da ba a ja wayar ƙasa ba, hikima ce a kashe na'urorin biyu kafin a cusa kabul ko a zare shi, don ƙofar HDMI ba ta jure tartsatsi.

Wani lokaci telebijin takan ce ba ta ɗaukar irin hoton da aka aiko mata. Ƙananan telebijin masu inci 32 da yawa ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye gare su, ko da an rubuta HD da manyan baƙaƙe a kwali. Manyan nan kuwa da ake kira 4K, in ƙofar kwamfuta ta tsohon tsarin HDMI 1.4 ce, ba za ta iya cika su fiye da sau 30 a sakan ba; sai tsarin 2.0 na 2013 ya kai 60. Mai tsohuwar kwamfuta gara ya tsaya a 1920 da 1080, ya huta. Wanda kuma har yanzu yake amfani da kabul mai shuɗin kai na VGA, kada ya nemi sauti a cikinsa. Hoto kaɗai aka yi shi ya ɗauka tun da IBM ta fito da shi a 1987.

Yankewar gefuna ta cancanci a dakata a kanta, don tana da tarihi. Mai kallo ya ga rubutun fassara na ƙasan fim ya nutse rabi, agogon Kodi na sama ya shige bango, layin Windows na ƙasa ya ɓace. Wannan ba ciwo ba ne, gado ne. Tsofaffin telebijin masu ƙaton baya ba sa iya tsayar da gefen hoto daidai, saboda haka masu ƙera su suka riƙa faɗaɗa hoton kaɗan ya wuce fuska, don a ɓoye dattin gefe. Gidajen telebijin kuma suka saba da nisantar da rubutu daga baki-baki. Fuska ta zama shafaffiya, buƙatar ta ƙare, amma kamfanoni da dama suka bar ɗabi'ar a kunne. Kwamfuta ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Ita har kan iyaka take rubutu.

A nan ne mutane ke yin gyaran gangar auzinawa. Kodi tana da wurin daidaita kusurwoyi, inda ake jawo hoto ciki har ya shiga fuska, kuma nan kowa ke rugawa. Hoton zai shiga, gaskiya ne. Amma kwamfuta ta matse shi, telebijin ta sake buɗa shi, an taɓa shi sau biyu, rubutu ya yi dishi-dishi. Gyaran na ainihi a telebijin yake, a sashen girman hoto. LG tana kiran wurin Just Scan, Sony tana ce masa Full Pixel, Samsung kuma Screen Fit. In harshen telebijin Faransanci ne, a nemi zaɓin da ke nufin a bar hoto yadda ya zo. A wasu telebijin, sake wa ƙofar suna zuwa PC kaɗai ya isa. Sai in an rasa duk waɗannan ne za a koma ga kusurwoyin Kodi, kuma ba a ganinsu sai an ɗaga matakin saituna zuwa Expert.

Ɗingishin hoto shi ne wanda ya fi sa a zargi kwamfuta da tsufa, alhali sau da yawa lissafi ne kawai bai fita ba. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a sakan. Telebijin ta Nijar a zamanin SECAM, da ta Najeriya mai tsarin PAL, duk a kan 50 aka gina su, daidai da bugun kuran ɗinmu, kuma abin da ake ɗauka don telebijin a Turai da yankinmu galibi a kan 25 ko 50 yake tafiya har yau. Amurka kuwa a kan 60 take, kwamfutoci kuma suka gaji wannan lamba. To, mai karatu da ya saba da rabon riba ya gwada raba 60 gida 25, ko gida 24. Ba ta rabuwa. Dole kwamfuta ta nuna wani hoton sau biyu, na bayansa sau uku. Ido ba ya ƙirgawa, amma yana ji a jikinsa, musamman in kyamara tana bin ƙwallo daga wannan raga zuwa waccan, ko sunayen ƴan wasa suna hawa a ƙarshen fim.

Kodi tana da magani a sashen mai kunna bidiyo: wani zaɓi da ke ba ta izinin sauya saurin telebijin ya dace da na kowane fim. In an kunna shi, fuska takan yi baƙi na sakan ɗaya ko biyu a farkon fim da ƙarshensa. Kada a firgita, sabon ciniki ake ƙullawa. Tun fitowa ta 18, ta 2019, akwai kuma jerin da ake yi wa alama don a gaya wa manhajar irin saurin da aka yarda ta yi amfani da su. Wanda yake ganin wannan ya yi masa yawa, kuma ƙwallo da shirye-shiryen yankinmu ya fi kallo, ya sa Windows a kan 50 kawai, zai ga bambanci a daren.

Batun launi gajere ne. Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, telebijin kuwa ta saba da 16 zuwa 235. In ɗaya tana magana da mudun Maraɗi, ɗaya tana ji da na wani gari, sai baƙi ya koma toka-toka kamar an wanke hoto da omo, ko kuma duhu ya haɗiye fuskokin mutane, wanda ba ƙaramar hasara ba ce a finafinanmu. A duba saitin katin hoto da na matakin baƙi a telebijin, a sa su a kan mudu ɗaya.

Saura wanda ya fi ruɗa mutane: Windows tana fitowa lafiya, jerin finafinai yana fitowa lafiya, amma da an danna fim sai a ji magana, fuska kuwa kore shar ko baƙa. Tunda sauran abubuwa suna fitowa, telebijin da kabul sun kuɓuta. A buɗe wannan fim ɗin da VLC. In ya fito, to matsalar tana tsakanin Kodi da katin hoto. Manhajar takan miƙa wa katin aikin warware fim don a rage wa kwamfuta nauyi, a Windows ana kiran hanyar DXVA2. A kashe ta a gwada. In hoto ya dawo, ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake ce wa pilote, ita ce ta tsufa, sai a sabunta ta daga wurin kamfanin da ya ƙera katin, Intel ne ko Nvidia ko AMD.

Sai dai akwai iyaka, kuma gara a faɗe ta. Finafinai da yawa yanzu ana matse su da tsarin H.265, wanda aka amince da shi a 2013. Na'urorin Intel ba su iya warware shi gaba ɗaya da katinsu ba sai daga zuriya ta shida, ta 2015. Kwamfutar biro da ta girmi haka sai ta ɗauki aikin da ƙarfin tuwo, ta yi zafi, fanka ta yi ta kuka, hoto yana tsalle sauti yana gaba. Babu saitin da zai mayar da tsohuwa yarinya. Ko a nemi fim ɗin a tsarin H.264, wanda kusan kowace kwamfuta ke ɗauka, ko a rage girmansa. In kuma fim yana farawa lafiya, sai bayan rabin awa ya soma tsalle, a zargi zafi da ƙura. Na'urar da ta sha hunturu biyu ba a buɗe ta ba, kuma aka kulle ta cikin kabad a watan bazara, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A hure mata ƙura, a ba ta iska.

Ba a ce telebijin ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa, kuma gane hakan ba wuya. A zare kabul ɗin kwamfuta ɗungum, a danna Menu a telekomand. Wannan rubutun daga cikin telebijin yake fitowa, babu hannun kowa a ciki. In shi ma yana da zane-zane a tsaye, ko rabin fuska ya yi duhu, to ciwon nata ne. In ana jin sauti fuska kuwa baƙa ko da an ɗaura dekoda, a haska tocila dab da gilashi a ɗaki mai duhu: in an hango inuwar hoto can ciki, fitilun baya ne suka mutu, kuma ana sake su ba sai an sayi sabuwa ba. Wannan ne lokacin kiran mai gyara, a kuma gaya masa abin da aka gwada da abin da aka gani kafin ya ɗauko sukudireba.