Jirgin da ke share wa jiragen ruwa hanya

A tsakiyar 1984, ana dab da aikin Hajji, jiragen ruwa suka fara cin karo da nakiyoyi a Bahar Maliya. Sama da 15 suka ji jiki, hankalin Masar da Saudiyya ya tashi. Cikin kayan aikin da Amurka ta tura har da jirage masu saukar ungulu samfurin RH-53D, wasunsu suka yi aiki a ruwan Jidda. Irinsu ne suka taimaka wajen share mashigin Suez a 1974, har aka sake buɗe shi a 1975 bayan shekara 8 a rufe.

Magajinsu shi ne MH-53E Sea Dragon na kamfanin Sikorsky, ƙato mai inji 3 da ke jigilar kaya zuwa jiragen yaƙi. Amma babban aikinsa yaudarar nakiya ne. Yakan sauko dab da ruwa, yana jan wata na'ura da doguwar igiya. Na'urar tana fitar da maganaɗisu irin na babban jirgin ruwa, wata kuma tana kwaikwayon ƙarar injinsa, sai nakiyar ta ɗauka abin da take dako ya iso, ta tashi a banza. Sa'o'i ake kwashewa a haka, jirgin ya dunƙufar da hanci, yana jijjiga, gishirin teku yana cin ƙarfensa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake riƙe wannan aiki da sakaci. Nakiyar da ta kusa raba jirgin yaƙin Amurka USS Samuel B. Roberts gida biyu a Tekun Fasha a 1988 tsohuwar yayi ce mai araha, gyaran jirgin kuwa ya ci miliyoyin daloli. Duk da haka an bar Sea Dragon ya tsufa. A Janairun 2014 gobara ta kayar da ɗaya a gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka, sojoji 3 suka rasu, bincike ya gano wayar lantarki ce ta goge bututun mai.

Yanzu ana shirin yi masa ritaya, a maye gurbinsa da jirgi mai saukar ungulu samfurin MH-60S da na'urori marasa matuƙi. Ina goyon bayan raba mutum da haɗari. Sharaɗina ɗaya ne: sababbin su fara nuna sun iya share mashigi kamar Hormuz ko Babul Mandab, inda mai da hatsin duniya ke bi, kafin a sauke tsohon.